Buhun Karkaju

A wajenmu, da ƙanƙara ta narke, karkaju ke fara fitar da fararen furanni a daji. Saiwarsa mai yaji muke ci da nama. Kowa ya san ƙa'ida: ka karya rabi, ka bar rabi a ƙasa.

Ranar Lahadi Aurèle mai saran katako ya dire buhu a ƙofar Réjeanne, ya cire hula.

"An ce kina son karkaju. Aurenki nake nema, ban zo hannu rabbana ba."

Ta kwance buhun. Saiwoyi ne cur, har da furanninsu. Ta daɗe tana kallo.

"Ina ka haƙo?"

"Bayan rafi."

"Duka?"

"Ko ɗaya ban bari ba," ya ce yana murmushi.

Wurin marigayiya mahaifiyarta ne. Shekara talatin mahaifiyar tana ɗiba, bai taɓa ƙarewa ba.

"Sannu, gwani. Alade ma yana ragewa."

"Haba Réjeanne, ciyawa ce fa!"

Sai lokacin ta kalle shi. Ta saɓi buhun, ta ɗauki magirbi.

"Mayar da hularka. Ba ni hanya in mayar da su ƙasa kafin su bushe."