Famfon Wurma Ya Koyi Ladabi

"Yau kam an gama da matsalar nan," Zaituna ta ce wa mai unguwar Wurma, tana buɗe kwamfutarta a gindin tankin burtsatse. Mata har sun jera jarkoki.

Manhaja biyu ke juya famfon: wadda ta rubuta a kwamfuta, ana ce mata direba, da wadda abokin aikinta Enoch ya ɗora a cikin injin, ana ce mata famweya. Duk sanda suka kai hannu wuri ɗaya a lokaci guda, sai famfo ya rikice ya mutu. Jiya ta gyara nata: direba ba zai ƙara taɓa komai ba sai famweya ta ba shi izini.

Ta danna maɓallin kunna famfo. Shiru. Ta sake dannawa. Ko ɗigo.

Ta kira Enoch a waya, yana ofishinsu a Dutsin-Ma. "Malam Enoch, injin fa ya ƙi motsi!"

"Haba Injiniya, ai jiya na gyara! Na hana famweya taɓa komai sai direbanki ya ba ta izini."

Zaituna ta dafe kai. A teburi ɗaya suke zama a ofis, amma babu wanda ya gaya wa wani.

"'Yata, lafiya?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, manhajojin nan biyu a da rige-rige suke yi. Yanzu suna tsaye bakin ƙofa, kowa na ce wa ɗan'uwansa bismillah."

Tsohon ya dubi jarkokin. "To, kun koya musu ladabi. Ku biyun wa zai koya muku magana?"