Akuyar da aka ƙi huda wa ciki

Kai ɗan nan, na gaji da yi maka magana kan aikin da likita ya ce a yi maka, kullum sai ka ɗage rana wai kana tsoron wuƙa. Bakina ya mutu. Bari dai in ba ka misali ɗaya, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Wata mata ce a ƙauye, akuya ɗaya gare ta, ga akuyar da tsohon ciki, a kanta ta ɗora duk wani buri nata. Ran nan da hantsi akuyar ta tsinke igiya ta faɗa gona, ta cika ciki da gyauron dawa. Kafin azahar ta kumbura tim, in ka buga kwiɓinta na hagu sai ka ji kamar ganga, numfashi ma da ƙyar. Wani makiyayi da ya zo wucewa ya durƙusa ya latsa, ya zaro basilla daga jakarsa ya ce, "Inna, iska ce ta tokare ta. Bari in huda nan ta fita, yanzu za ta miƙe." Matar ta dubi tsinin basillar, ta dubi idon akuyar, ta ce ita dai ba za ta iya tsayawa a soki dabbarta tana kallo ba. Makiyayi ya kora shanunsa ya yi gaba.

Ta jiƙa kanwa ta ɗura mata. Ta ɗura man gyaɗa. Ta zauna cikin rana tana shafa cikin tana lallashi, cikin kuwa sai ƙara tashi yake. Da la'asar ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta fita da gudu ko mayafi babu tana neman makiyayin, ko dai wani namijin da zai yanka, to duk maza suna gona. Ta dawo ta tarar akuyar ta miƙe ƙafafu. Ba 'ya'ya, ba nono, ko naman ma bai halatta ba. Da hannunta ta ja mushen zuwa bayan gari, tana tsaye ungulu ta sauka ta fasa cikin, iskar ta fita fuu.

Shi ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.