Kilo Huɗu

Saura kilo huɗu tan guda na takarda ya cika. Direban motar kwasar tsofaffin takardu ya ce in bai cika ba, ko sisi ba za a mayar mana daga kuɗin sharar bana ba.

Yayana ya harari ma'aunin kamar ya kai masa duka. Shi ke riƙe da maɗaba'ar da Baba ya bar mana a garin Geelong. Kullum cikin yi wa ma'aikata wa'azin ceton itatuwa yake, alhali dala ɗari ukun da za a mayar mana yake hange.

"Jira ni, malam," ya ce, ya haye sama.

Ya sauko da kwalin da na sani tun ina yarinya, na wasiƙun da Mama ta yi shekara shida tana aiko wa Baba daga ƙauyensu na Girkawa, kafin ta biyo shi ta jirgin ruwa.

"Yaya, na Mama ne fa," na ce.

"Takarda ce. Ke kin iya karanta Girkanci?"

Ya dire kwalin a kan ma'aunin. Tan ya cika har da ɗoriya.

Direban ya buɗe, ya girgiza kai. "Akwai hotuna a ciki, maigida. Ba ma karɓar hoto."

Yaya ya durƙusa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe riƙe da na ranar auren Mama da Baba, har na fara jin kunyar zagin da na yi masa a zuci.

Sai ya haɗa su, ya jinjina a tafin hannu, ya watsa a kwandon shara.

"Sake aunawa," ya ce. "Ba su da wani nauyi."