Tambayar Mai Gemu

Dakta Jafaru Nagoggo yana tsakiyar bayanin yadda tauraro ke mutuwa, sai wani mai gemu da ke zaune a layin baya ya ɗaga hannu.

A ɗakin taron wata makarantar sakandare ne a Daura, cikin shekarar da aka fara aiki da Shari'a a jihar Katsina. Jafaru malamin kimiyyar taurari ne a jami'a. Ya zo gida hutu, shugaban makarantar ya roƙe shi ya yi wa ɗalibai lacca. Ba ya ƙin irin wannan gayyata. Shi da bakinsa yakan ce in dai an ba shi alli da allo, ko awaki aka tara masa sai ya karantar da su.

Mai gemun ba ɗalibi ba ne, ba kuma malamin makarantar ba. Wandonsa bai kai idon sawu ba. Ya ce, "Dakta, ka faɗa mana makomar tauraro. To shi mutum fa, idan ya mutu, me kake ganin yana tararwa?"

Jafaru yana salla, yana azumi. Amma a wajen shan shayin malaman jami'a an san ra'ayinsa: yana ganin ikon Allah a lissafin sammai fiye da a wa'azi, yana ganin mutumin kirki bai kamata ya jira a tsorata shi da wuta ba, batun lahira kuwa ya ajiye shi gefe sai ya samu lokaci. Ya yi ɗan tari, ya gyara tabarau.

"Malam, madubin hangen nesana bai kai can ba. Abin da ban auna ba kuwa, ba na yi masa rantsuwa."

Ɗalibai suka yi dariya. Mai gemun bai yi ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sunkuyar da kai.

Sai da Jafaru ya hau acaɓa zai koma gida maganar ta dawo masa. A Daura ya faɗi haka, a gaban jama'a, a wannan zamani da kowa ke auna kalmarsa kafin ya furta. "Ka kyauta, Dakta," ya ce wa kansa. "Ka san nisan taurari, ba ka san tsawon harshenka ba."

Washegari yayarsa Haulatu, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta ce wani mai gemu ya zo nemansa.

"Yaya, in ya dawo ki aika a ce masa ba na nan."

"Ƙarya zan yi da girmana? Kai komai sai gudu. Da ƙyar na tura ka asibitin Katsina saboda tarin nan, aka ɗauki hoton ƙirji, ko komawa ba ka yi ba."

"Ƙurar alli ce kawai, Yaya. Ni yanzu abin da ke gabana ya fi tari."

Mutumin ya sake dawowa. Ya tambayi mai shagon ƙofar gida yaushe Dakta zai koma jami'a, yana da iyali, akwai wanda ke kula da shi. Jafaru ya haɗa waɗannan hujjoji kamar yadda ya saba, ya fitar da sakamako: ɗan sa ido ne, ana tattara bayanansa kafin a kai shi gaban alƙali.

Ya koma sahun farko a masallaci, yana ɗaga murya wajen amin har na kusa da shi suna waiwaye. Ya bar aske gemu, gashi ya fito tsilli-tsilli. Daga baya ya tafi Baure gidan kawunsa, wai zai kalli taurari inda babu hasken lantarki. Tuwo ya daina shiga masa. Wandonsa ya yi masa yawa har ya ƙara wa bel huda. Da ya duba madubi sai ya yi dariya. "Dubi aikin tsoro. Mutumin da ya ce ba sai an tsorata shi ba."

A can ya zauna ya shirya amsar da zai ba alƙali. Abin mamaki, yana shiryawa yana jin tambayar ta fi alƙalin damunsa. Ya gano cewa duk shekarun nan bai taɓa zama ya yi tunaninta ba, wayo kawai yake yi mata.

Hutu ya kusa ƙarewa, dole ya dawo Daura ya kwashi kayansa. Yana shiga zaure bayan la'asar ya tarar da mai gemun zaune a kan tabarma, Haulatu ta aiko masa da fura.

Jafaru bai bari sun gama gaisawa ba. "Malam, ka saurare ni. Ban musa lahira ba. Cewa na yi ban auna ta ba. Gaskiyar magana, ban san me zan tarar ba, kuma ina fatan rahamar Allah kamar kowa. In kotu za ku kai ni, mu je."

Tari ya sarƙe shi. Mutumin ya tashi ya riƙe shi, ya zaunar da shi a hankali, kamar wanda ya saba.

"Wace kotu, Dakta? Sunana Sha'aban. Ni ne likitan da ya duba hoton ƙirjinka a Katsina. Da na ga ba ka dawo karɓar sakamako ba, sai na biyo ka Daura. Na yi maka tambayar nan ne don in san abin da za ka dogara da shi, kafin in faɗa maka abin da na gani."