Matar Bencin Baya

Rufino Cabahug bai taɓa damuwa da kunnen kowa ba. Shekara tara yana kula da filin harbin da ke bayan garin Danao, murafen kunne da tabarau suna rataye a bango, gizo-gizo na zaune a cikinsu kyauta. Wanda ya ga dama ya saka. Wanda bai ga dama ba ya koma gida matarsa na magana yana kallon bakinta kamar saniya.

Rannan mai filin ya kira shi ofis. Lasisi zai ƙare ƙarshen wata, kuma wai mai dubawa zai zo ba sanarwa, ba kayan sarki.

"Aka ga ido ɗaya ba tabarau, ko kunne ɗaya a buɗe, an rufe mu," in ji shi. "Amma kafin a rufe ƙofar, kai za ka fara fita ta cikinta."

Ranar Talata matar ta bayyana. Dattijuwa ce, da farar riga mai guga da jaka a hammata. Ta biya kuɗin shiga, ta rubuta sunanta Purificacion Sarmago, ta ce a ba ta murfin kunne mafi kauri da tabarau mafi duhu. Bindiga fa? Ba ta so. Ta wuce bencin baya, inda ake ganin kowa, ta zauna ta harɗe hannu.

Awa uku ba ta ce uffan ba. Jefi-jefi dai ta gyaɗa kai.

Rufino ba yaro ba ne. Wa ke biyan kuɗi ya zo filin harbi ya zauna? Kafin la'asar ya wanke murafen nan tas da sabulu. Laraba ta dawo, Alhamis ma haka. Ya ajiye mata farantin wainar shinkafa mai zafi a gefe, ko kallonsa ba ta yi ba. Irin waɗanda ba su cin na goro ce aka turo.

Nan take Rufino ya zama waliyyin kunne. Yana zagaye da kofin shayin citta, muryarsa a dishe kamar kullum, yana tsawa: kai saka tabarau, ke gyara murfin nan. Wani ɗan sanda mai ritaya ya ɗaga murfi zai sosa kunne, Rufino ya kusa cinye shi ɗanye. Duk lokacin da ya waiwaya, matar na nan, fuskarta na kallonsa.

Ranar Asabar Kansila Honorato Tabotabo ya iso da sabuwar bindiga mai ƙyalli da tumbinsa a gaba. Shi ne ya tsaya wa 'yar mai filin a wajen baftisma, shi kuma ya sa aka zuba kwalta har bakin ƙofa. Rufino ya miƙa masa murfi da tabarau. Kansila ya dube su kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Dong, yaro, ina harbi tun kana tsotson yatsa. Kai wa 'yan mata."

"Doka ce, Kansila."

"Me ka ce?"

"Ka ji ko? Shi ya sa."

Masu harbi suka ƙunshe dariya. Kansila ya kumbura, ya juya ya ɗaga bindiga zai saita. Rufino ya saci kallon bencin baya. Matar ta sunkuyar da kai a hankali, ta sake ɗagowa.

Ai shi ke nan. Rufino ya dafe hannun Kansila, ya karɓe bindigar, ya zare harsasan, ya zuba masa su a aljihun riga ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna masa ƙofa. Har mota ya raka shi, Kansila na zagin kakanninsa, shi kuwa yana ramawa da ladabi.

Ba a yi minti goma ba wayar ofis ta yi ƙara. Mai filin ne, Kansila ya riga ya kai masa ƙara, ya ce Rufino ya ajiye makullai ya kama gabansa.

"Yi haƙuri ka riƙe layi, maigida," in ji Rufino. "Yanzu za ka ji daga bakin wadda ta ga komai. Gobe ma sai ka ƙara min albashi."

Ya gyara kwalar riga, ya je ya tsaya gaban matar, ya rusuna, ya gajarta sunanta cikin girmamawa irin ta garin.

"Nang Puring, kin dai ga yadda muke aiki a nan."

Shiru. Ya maimaita da ƙarfi. Shiru. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga murfin kunnenta kaɗan, sai ga minshari ya fito, siriri, mai daɗi, irin na wanda ba a bin sa bashi. Ta zabura, tabarau ya zame, idanu jawur.

"An tashi ne, Dong?"

"Ba... ba ke ce mai dubawa ba?"

"Duba me? Barci nake zuwa yi. Da rana jikoki shida da zakarun faɗan mijina. Da dare kuma wani jaki da ya tare a layinmu wata uku da suka wuce, bayan coci, gida mai jar ƙofa. Ya sayi na'urar waƙa. Waƙa ɗaya ya iya, ita ma bai iya ba, kuma sai asuba yake sakin ta. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma ranar da na gan shi zan zo ka koya min harbi." Ta yi hamma, ta mai da murfin. "Don Allah a rage tsawa."

Rufino ya tsaya da kofin citta a hannu, mai filin na ta "halo, halo" a waya. Da hannunsa ya shafa wa ƙofar nan jan fenti ranar da ya tare, wata uku da suka wuce.