Matso da Matsa

Ina 'yar shekara tara a Gyaɗi-Gyaɗi, mahaifina yana da aboki kafinta, Ibo ne, muna ce masa Baba Okeke. Kullum Baba yakan ce masa, "Nyamiri, ya aiki?" Shi kuma ya amsa, "Aboki mai goro, aiki da godiya!" Sai su kwashe da dariya.

Wata la'asar 'yarsa Ngozi ta cinye ni a carafke. Na murguɗa baki na ce, "Nyamira kawai!" Ta zubar da duwatsun ta koma shagonsu. Ƙarar zarton Baba Okeke ta tsaya cak.

Baba ya kira ni. Na riga shi magana: "Ai kai ma kana faɗa."

Ya dube ni, bai ɗaga murya ba. "Ni ina faɗa don ya matso. Ke kin faɗa don ta matsa." Sannan ya ce asalin kalmar a yarensu "ba ni ruwa" ne, don haka in ɗebo a randa in kai mata.

Na tsaya cikin ƙamshin garin katako, da kofin ruwa a hannuna. Ngozi ta daɗe ba ta dube ni ba. Daga baya ta karɓa ta sha, ta rage mini rabi.

Da na girma na zaga ƙasashe, na ji irin wannan suna da Larabci da Faransanci. Har yau in na ji, nakan fara duba wanda aka kira: matsowa ya yi, ko matsawa?