Giɓin 'Yar Madara

Haƙorin ya fita ne ana tsakiyar shirinta na talabijin na kai tsaye, Alƙahira duk tana kallo. Baƙonta na ranar, wani tsoho mai alewar Maulidi, ya miƙo mata ta riɗi. Tana gatsawa ta ji ƙas! Haƙorin gaba da likita ya dasa mata ya bi alewar.

Ta dafe baki. Tana 'yar shekara shida irin wannan giɓin ya sa ƙasar ta san ta, a tallan madara. Da haƙora suka fito, aka daina nemanta. Shekara arba'in ta yi tana fafutuka, fim bayan fim, har ta hau kujerar gabatar da shirin nan, don dai a daina kiranta 'yar madara.

"Mu tafi talla?" in ji mai tsara shirin ta na'urar kunnenta.

Tsohon duk ya rikice. "Wallahi, ranki ya daɗe, yau da safe na dafa ta!"

Dariya ta ƙwace mata, hannun ya sauka daga bakinta. Can a layin baya na 'yan kallo wata tsohuwa ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

"Ja'ira! Ina kika shige duk shekarun nan muna cigiyarki?"

'Yar madarar ta cire na'urar ta ajiye, ta fuskanci kyamara, ta washe giɓin gaba ɗaya.

"Ina nan, Inna," ta ce. "Haƙori ne ya ɓoye ni."